NISAN TAFIYA A JIRGIN SAMA DAGA KANO ZUWA JIDDA

Gabatarwa

A duk shekara idan lokacin jigilar maniyyata ya gabato, jami'an alhazai na ƙananan hukumomi da dagatai da masu unguwanni sukan sha tambayoyi daga jama'a game da tafiyar da ke gaban 'yan uwansu. Wani yana so ya san ko kilomita nawa ne daga Kano zuwa Jidda, wani kuma awa nawa za a yi a sama, wani ma abin da ya dame shi shi ne dalilin da ya sa jirgin da ya kai maƙwabcinsa a awa huɗu da rabi a wata shekara, ya ɗauki fiye da haka a wata shekarar. Sau da yawa amsar da ake ba su ba ta wuce ta ji-ta-ji-ta, wadda kan jefa iyalai cikin zullumi ba gaira ba dalili. Saboda haka muka ga ya dace mu tattara bayani a wuri guda, domin amfanin jama'armu na karkara da jami'an da ke yi musu hidima.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, nisan da ke tsakanin filayen jirgin nan biyu abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Amma tsawon hanyar da jirgi yake bi, da awannin da yake ɗauka, da kuɗin da ake kashewa, duk suna iya canjawa daga wannan shekara zuwa waccan.

Filayen jirgin biyu

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yana daga cikin tsofaffin filayen jirgi a Nijeriya. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, bayan sun yi kwanaki suna yada zango a Sudan da Chadi. A shekarar 1936 aka fara zirga-zirgar jiragen haya tsakanin Khartoum da Kano. Alamar filin a jikin tikiti da takardar da ake liƙa wa jaka ita ce KAN.

Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz kuwa yana arewa da birnin Jidda, a gaɓar Bahar Maliya, kuma an buɗe shi a shekarar 1981. Yana da sashe na musamman da aka gina domin alhazai, wanda rufinsa ya yi kama da jerin manyan tantuna farare guda 210. Alamarsa ita ce JED. Har ila yau akwai Filin Jirgin Sama na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz da ke Madina, mai alamar MED, inda ake sauke maniyyatan da za su fara da ziyara kafin su wuce Makka.

Ainihin nisan

Idan aka auna hanya mafi gajarta tsakanin filin Kano da na Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,420. Wannan ya yi daidai da mil 2,125 na ƙasa, ko mil 1,850 na teku. Matuƙa jirgin sama da mil na teku suke lissafi, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, alhali mil na ƙasa da iyayenmu suka saba gani a kan duwatsun gefen titi mita 1,609 ne. Wannan bambanci ne kan sa mutum ya ga lambobi uku mabambanta a kan tafiya ɗaya, har ya zaci wani ya yi kuskure.

Domin a fahimci girman wannan nisa, sai mu kwatanta shi da hanyoyin da aka sani. Daga Kano zuwa Kaduna a mota kimanin kilomita 230 ne, ke nan zuwa Jidda kamar mutum ya bi wannan hanya sau 15 ne. Daga Kano zuwa Legas a jirgin sama kimanin kilomita 835 ne, wato Jidda ta ninka ta sau huɗu. Da a ce akwai miƙaƙƙen titi ba kwana, ba teku, motar da ke gudun kilomita 80 a awa za ta yi awa 43 ba tare da tsayawa ba. Mai tafiya a ƙasa da ke cin kilomita 30 a wuni kuwa sai ya yi kwana 114, ba hutun ko da rana ɗaya.

Ga nisan da ke tsakanin Jidda da wasu filayen da ake ɗibar maniyyata, bisa ƙiyasin hanya mafi gajarta:

Maiduguri zuwa Jidda: kimanin kilomita 2,980
Kano zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,420
Katsina zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,470
Kaduna zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,600
Abuja zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,690
Sakkwato zuwa Jidda: kimanin kilomita 3,720
Legas zuwa Jidda: kimanin kilomita 4,200

Daga Kano zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,560 ne, wato ta ɗara Jidda da kilomita 140, abin da bai wuce tafiyar minti 10 a sama ba. Wannan bambancin nisa yana daga cikin dalilan da suka sa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, wadda aka kafa da dokar shekarar 2006, ta saba raba kuɗin kujera gida uku: na shiyyar Maiduguri da Yola, na sauran jihohin Arewa, da na jihohin Kudu, inda na shiyyar Maiduguri da Yola ya fi sauƙi.

Yadda ake auna nisan

Duniya a mulmule take kamar lemo, kewayenta kuma kimanin kilomita 40,000 ne. Masana sun raba wannan kewaye zuwa digiri 360, kowane digiri ɗaya kimanin kilomita 111. Kowane wuri a bayan ƙasa yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa: ɗaya tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, ɗayar kuma tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Filin Kano yana kan digiri 12 arewa, da digiri 8 da rabi gabas. Filin Jidda yana kusa da digiri 22 arewa, da digiri 39 gabas. Daga waɗannan lambobi ake fitar da lissafin cewa tazarar da ke tsakaninsu ta kusa digiri 31, wadda idan aka ninka ta da 111 sai a samu adadin da muka ambata a sama.

Wanda yake so ya ga haka da idonsa, sai ya je makarantar da ke da ƙwallon taswirar duniya, ya ɗora zare daga Kano zuwa Jidda ya ja shi ya miƙe. Inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi gajarta. Idan aka zana wannan hanya a kan taswirar takarda, sai a ga ta ɗan lanƙwasa ta wajen arewa, saboda ba yadda za a yi a shimfiɗe abu mulmulalle a kan takarda ba tare da siffarsa ta ɗan sauya ba.

Wani abin lura shi ne, wannan hanya kusan ita ce alƙiblar da muke fuskanta a salla. Daga Kano, alƙibla ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da kimanin digiri 22. Tun da Jidda tana kusa da Makka, jirgin da ya bi miƙaƙƙiyar hanya daga Kano kusan alƙibla ya dosa tun daga tashinsa.

Ƙasashen da hanyar ta ratsa

Miƙaƙƙiyar hanya tana fita daga Kano ta bi ta saman Jigawa da arewacin Yobe, ta shiga yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, ta wuce ta arewacin Tafkin Chadi. Daga nan sai ta keta ƙasar Chadi daga yamma zuwa gabas, ta shiga hamadar arewacin Sudan, ta tsallake Kogin Nilu kusa da garin Dongola, ta isa gaɓar Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Tsallake tekun shi ne zango na ƙarshe kafin a fara gangarowa Jidda. Fiye da kashi uku cikin huɗu na tafiyar a saman Chadi da Sudan ake yin sa.

Kakanninmu ma ta waɗannan ƙasashe suka bi, sai dai ta kudu da wannan layi, inda ake samun ruwa da garuruwa. Sukan bi ta Borno, su shiga Wadai da Darfur da Kordofan, su isa Omdurman, sannan su nufi Sawakin ko Port Sudan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawansu sukan tsaya a hanya su yi noma ko ƙwadago domin neman guzuri, shi ya sa tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Jikokinsu suna nan a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tafiyar da a da ake sallama da iyali kamar ba za a sake ganawa ba, ita ce yau ake yi tsakanin hantsi da la'asar.

Tsawon lokacin tafiya

Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin su Boeing 747 da Airbus A330, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000 daga ƙasa. Idan aka raba nisan da wannan gudu sai a samu kimanin awa huɗu. Sai dai jirgi ba ya kai cikakken gudunsa lokacin hawa da lokacin gangarowa, kuma ba ya bin layin zare daidai, domin akwai hanyoyin da hukumomin kula da sararin samaniya suka shata masa, kamar yadda mota take bin titi. Saboda haka idan hanyar Sudan a buɗe take, tafiyar kan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa awa biyar.

Iska ma tana da nata tasirin. A can sama akwai iskoki masu ƙarfi da ke kaɗawa ta fuska ɗaya na tsawon watanni. Idan jirgi ya samu iska ta bayansa sai ya isa da wuri, idan kuma ta gabansa take sai ya ɗan makara. Shi ya sa zuwa da dawowa ba su cika yin daidai ba, ko da kuwa jirgi ɗaya ne a kan hanya ɗaya.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Dalili kuwa shi ne, rana tana ratsa digiri 15 a kowace awa, Jidda kuma tana gabas da Kano da digiri 30 da ɗoriya, don haka rana takan fito musu awa biyu kafin ta fito mana. Idan jirgi ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi, zai sauka da ƙarfe 2:30 na rana a agogonmu, amma agogon Jidda zai nuna 4:30 na yamma. A dawowa kuwa, jirgin da ya tashi daga Jidda da ƙarfe 10 na safe a agogonsu, zai sauka Kano da ƙarfe 12:30 na rana a agogonmu.

Wannan ya shafi abubuwa biyu. Na farko, lokacin da aka rubuta a takardar tafiya ko aka sanar a rediyo na garin da ake magana a kansa ne, don haka masu zuwa tarbar alhazai su tabbatar ko lokacin tashi daga Jidda aka faɗa ko lokacin sauka a Kano. Na biyu, mai tafiya gabas lokutan salla sukan riske shi da sauri fiye da yadda agogon hannunsa yake nunawa, domin yana tarar rana ne. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da ɗaukar harami a cikin wannan tafiya, malaman bita ne za su yi wa maniyyata bayaninsa, amma ya kamata su gina bayanin a kan wannan bambanci na awa biyu.

Abin da kan tsawaita hanya

Kowace ƙasa ita ce mai iko da sararin samaniyarta, ba kuma jirgin da zai ratsa sai da izini da biyan kuɗin ratsawa. Idan ƙasa ta rufe samanta, ko kuwa yaƙi ya sa ratsawa ta zama haɗari, dole jirgi ya yi zagaye. Misali mafi kusa shi ne na shekarar 2023. A ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura makonni a fara jigilar maniyyatan Nijeriya, wadda aka ware wa kujeru 95,000. Jirage suka koma zagayawa, ko dai ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa su ɓullo ta Masar. Wannan ya ƙara kimanin awa biyu a kan kowace tafiya, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. A watan Agusta na wannan shekarar kuma Jamhuriyar Nijar ta rufe nata sararin samaniyar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a farkon Satumba ta sake buɗewa.

Ban da rufe hanya, akwai hazon hunturu da kan hana matuƙi ganin titin sauka, da hadarin damina da kan sa jirgi ya kauce ko ya jira a sama, da cunkoson jirage a Jidda lokacin aikin Hajji, inda kowane jirgi yake da lokacin da aka ware masa na sauka da tashi. Doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin wanda zai kai shi wani filin na daban idan sauka ta gagara, da kuma na jira. Saboda haka idan aka ji jirgin da ake jira a Kano ya sauka a Abuja ko wani filin, a mafi yawan lokuta matakin kariya ne da aka tanada tun kafin tashi.

Dangantakar nisa da kuɗi da kaya

Jirgi samfurin Boeing 747 yana shan kimanin tan 10 na mai a kowace awa, ke nan tafiya ɗaya zuwa Jidda tana cin tan 45 zuwa 50, ƙarin awa biyu kuma yana nufin ƙarin tan 20. Bugu da ƙari, a lokacin kai maniyyata jirgi yakan dawo ba fasinja domin ya ɗebi sawu na gaba, haka nan a lokacin kwaso su yakan tafi ba fasinja. Ke nan kafin a kai sawu ɗaya a dawo da shi, jirgi ya ratsa wannan hanya sau huɗu, wato kimanin kilomita 13,700. Man jirgi da hayar jirgi da kuɗin ratsa samaniyar ƙasashe akasari da dala ake lissafa su, shi ya sa faɗuwar darajar naira take bayyana nan da nan a kuɗin kujera.

Haka kuma kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, wanda ya haɗa nauyin jirgin kansa da mai da mutane da kaya. Idan hanya ta yi tsawo aka ƙara mai, sai abin da ya rage wa kaya ya ragu. Zafin rana ma yakan rage nauyin da jirgi zai iya ɗagawa. Wannan shi ne asalin tsananin da ake yi a kan awon uwar jaka da ƙaramar jaka. Alhajin da ya cika jakarsa fiye da ƙa'ida yana jawo wa sawu gaba ɗaya jinkiri, domin sai an sauke an sake awo.

Tafiyar da ke bayan sauka

Sauka a Jidda ba ƙarshen tafiya ba ne. Daga filin jirgi zuwa Makka akwai kusan kilomita 100 a mota, daga Jidda zuwa Madina fiye da kilomita 400, tsakanin Madina da Makka kuma kimanin kilomita 450. Akwai jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa da aka buɗe a shekarar 2018, wanda ya haɗa Makka da Jidda da Madina, amma a motocin bas ake ɗaukar akasarin alhazanmu. Idan aka haɗa tafiya daga ƙauye zuwa sansanin alhazai, da zaman tantancewa, da awannin sama, da binciken fasfo bayan sauka, da tafiyar bas, maniyyaci kan iya shafe wuni da kwana a hanya kafin ya kwanta a masaukinsa.

Shawara ga jami'ai da iyalai

1. Jami'in alhazai ya sanar da maniyyata filin da za su sauka, Jidda ko Madina, da kimanin awannin da za a yi a sama a wannan shekarar, bisa sanarwar Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jiha.

2. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya sa maganinsa a ƙaramar jakar da ke hannunsa, kada ya sa a uwar jaka, domin ba zai gan ta ba sai bayan an sauka.

3. Tsofaffi su riƙa shan ruwa, su riƙa motsa ƙafafu suna miƙewa lokaci-lokaci idan ma'aikatan jirgi sun ba da dama, saboda dogon zama kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan kunne ya toshe lokacin hawa ko gangarowa, haɗiyar yawu ko hamma tana buɗe shi.

4. Da zarar an sauka a gyara agogo a ƙara awa biyu, a dawowa kuma a rage.

5. Iyalai su yi haƙuri idan ba su ji daga ɗan uwansu ba a ranar da ya tashi. Wayarsa a kashe take a cikin jirgi, bayan sauka kuma sai ya gama da jami'an shige da fice ya samu layin waya. Mai neman labari ya tuntuɓi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, ya guji yaɗa abin da bai tabbatar ba.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da limamai da su isar da wannan bayani ga jama'a a wuraren bita da masallatan Juma'a, musamman ga waɗanda ba su taɓa hawa jirgi ba da waɗanda ba sa iya karatu. Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya dawo mana da su gida lafiya, amin.